Takardun da Kaka Ya Ninke Kamar Laya

Kakana ya rasu da hantsi a tsakiyar damina, lokacin da baƙar lakar Gadarif ke kama takalmin mutum ta ƙi saki. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don kada a riƙa tuna shi da abin da bai taɓa zama ba, domin tun kafin maza su dawo daga maƙabarta na ga an fara.

A waje, ƙarƙashin rumfar da aka kafa a ƙofar gida, zancen aikinsa ake yi. Leburorin gonakin Simsim sun zo a bayan babbar mota, laka har gwiwa, kowa ya ɗaga hannu a yi fatiha, ya yi wa babana ta'aziyya da Larabcin nan, "Albaraka fikum." Wani tsohon direba ya yi ta share ido da jelar rawaninsa, yana cewa rabin masu tuƙa tarakta a ƙasar nan a hannun Kaka suka koya, kuma bai taɓa zagin ko ɗaya ba. A cikin gida kuwa, inda mu mata muke zaune a tabarmi, idon kowa yana kan ƙofar bukkarsa. Maƙwabciyarmu mai sayar da kisira, gurasar dawa ta ƙasar nan, ta yi kuka na gaske, sannan ta fyace hanci ta ce, "Allah ya jiƙan Malam. Mutumin kirki ne wallahi, amma ya tafi da rowarsa." Mata suka gyaɗa kai. Kowa ya san akwatin take nufi.

Akwatin kwano ne shuɗi, mazauninsa ƙarƙashin gadon igiyar da Kaka ke kwana. Cike yake da ƙananan takardu, kowace an rubuta ta da tawada da alƙalamin kara, an ninke ta kusurwa huɗu, an ɗaure da zare, daidai yadda malamai ke ninke laya kafin a kai wa baduku. Mahaifin Kaka malami ne. Ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji, ya tsaya a nan don ya yi noman damina ɗaya ya sami guzuri, damina ta bi damina har aka binne shi a nan. Saboda haka unguwa ta daɗe da yanke hukunci: asirin malam ne ɗansa ya gada ya kulle, ba ya ci ba ya bayarwa.

Ƙanwar Kaka, wadda duk gidan muke kira Gwaggo don haka muka ji babanmu na kiranta, ita ce babba yanzu. Ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Jibi in an naɗe tabarmin makoki zan buɗe shi. Kowane gida a ba shi ɗaya, a kai wa baduku ya ɗinke da fata. Abin da ya saura a haƙa rami a wuri mai tsarki a binne, ba a barin sunayen Allah ga gara. Halas, magana ta ƙare."

Ni kuwa na san babu sunan Allah a takardun nan sai bisimillar da yake farawa da ita. Kalmomin Turanci ne, kowace da ma'anarta da hanyar da ta bi kafin ta shiga bakin Turawa. Laya in an ɗinke ta ba a sake buɗewa. Aikin shekara arba'in zai shige fata, sauran ya shige ƙasa, nan da kwana biyu. Na san duk wannan, amma na sunkuyar da kai na ci gaba da zuba wa baƙi shayi, saboda wata kunya da zan zo kanta.

Kaka ya koyi Turanci ne a bakin inji. Yana saurayi lokacin da aka fara kawo tarakta wannan fili, ya yi aiki ƙarƙashin wani Baturen gona, daga shafa mai ya koma tuƙi, daga tuƙi ya koma tafinta. Da aka sami 'yancin kai Baturen ya haɗa kayansa, ya bar masa wani ƙaton ƙamus da bangonsa ya fara rabuwa. Ƙamus ɗin irin wanda ke faɗin asalin kowace kalma ne, kuma wannan ne ya kama Kaka har ƙarshen ransa. Madugu yake kiransa, wai don shi ya san zangon da kowa ya kwana. Sai ya karanta da yatsa a hankali, ya yi ta juya abin a ransa yana bisa tarakta, in ya dawo ya rubuta shi da Hausa a ajami, da tsohon hannun da mahaifinsa ya koya masa. Ninkin ma na mahaifinsa ne. Bai san wata hanyar ninke takarda ba.

Abin da ya ƙara wa mutane tabbaci ke nan. Yaranmu na makaranta Larabcin bugu suka iya, in sun leƙa rubutun Kaka sai su ga haruffan da suka sani amma ba sa haɗa magana. Wani dattijo da ya iya ajami ya taɓa tsintar guda da iska ta kwaso, ya karanta kalmar da ke samanta, ya ji ba Hausa ba ce ba Larabci ba ce, ya mayar da ita da hannu biyu yana cewa sunan rauhani ne. Kaka ya yi rantsuwa har ya gaji cewa sunan taga ne da Turanci. Aka ce ai dama malamin gaske ba ya amsa cewa yana da abu.

Ni kaɗai ya koya wa karanta hannunsa, ina 'yar shekara bakwai. Bayan la'asar yakan zauna a gindin dogon yaro, kakata ta kawo masa gahawa a tulun jabana, ya ƙwala mini kira, "Ina amaryata? Zo ki ji labarin matafiya."

"Ni ba na auren tsoho mai warin man inji," nakan ce, amma kafin in rufe baki na riga na zauna.

Sai ya ɗebi sukari a cokali ya ɗaga shi ga hasken rana. "Kin ga wannan? Turawa suna ce masa sugar, suna hura hanci kamar su suka haife shi. Ƙarya ne, ɗan riƙo ne. A ƙasar Hindu aka haife shi, kuma sunansa na yanka tsakuwa, don haka yake ƙas-ƙas a haƙori. Ya yi zango a Farisa, ya yi zango wajen Larabawa, ya haye teku ya kwana a Italiya, ya kwana a Faransa. Ko da ya isa Ingila rigarsa ta canja, uwarsa ma ba za ta gane shi ba." Ya zuba a finjali ya juya. "Mu ma ta nan ya biyo ya gaishe mu."

Ina jin wannan sai filin da ke bayan gidanmu ya sauya mini. Filin Gadarif ba shi da iyaka, in damina ta zauna kore ne har inda sama ta sauko ta taɓa shi. Nakan hango ayari can nesa cikin hayaƙin zafi, raƙuma ba mahaya, kowane da kalma ɗaya a doronsa. Auduga na gaba da farin kaya, ita da Turawa suka karɓi sunanta cotton daga Larabawa. Gahawa na biye, wadda ta ratsa ta wajen Turkawa. Riɗi na can baya, tsoho tukuf, don Kaka ya ce sunansa a Turanci da simsim da ake ce masa a nan kakansu ɗaya, ya girmi duk garuruwan da muka sani. Suna tafe ba hayaniya, ƙararrawa na kaɗawa a hankali, har barci ya ɗauke ni a jikin ƙafarsa. Har yau in na ga motocin riɗi sun jeru a hanyar kasuwa lokacin girbi, ayarin nan nake fara gani.

Yana da waɗanda ya fi so. Window, taga, wai mutanen arewacin duniya ne suka raɗa mata, kuma idon iska ke nan a bakinsu. Tun daga nan duk wanda ya rufe masa taga sai ya ce, "Kada ka tsone wa iska ido." Companion, aboki, asalinsa wanda kuka ci gurasa tare. Saboda wannan kalmar ba ya yarda lebura ya ci abinci a gefe shi kaɗai. "Zo mu sa hannu a kwano ɗaya, ya zol, bawan Allah, in ba haka ba me zan kira ka?" Akwai kuma masu ba shi haushi. Ya ce nice da Baturensa ke yawan faɗa masa in ya gyara inji, a zamanin da wawa take nufi, wanda bai san komai ba. Kwana uku yana fushi da mutumin da ya bar ƙasar tun shekaru, sannan ya huce ya ce kalma ma tana tuba.

Maƙwabciyarmu mai kisira ba ta tsira ba. Kullum ya wuce ta tana shafa ƙullu a kan ƙarfe, hayaƙi na cin idonta, sai ya rusuna ya ce, "Barka da aiki, lady." Ya gaya mata wannan sunan matan manya ne a Ingila, masu fada da dawaki, amma tushensa mai kwaɓa gurasa ne, don haka ita ce ta gaske, su aro suka yi. Takan kore shi da mafici tana dariya. A wajenta hirar Turanci daban, akwati daban.

Wata damina 'yarta ta kwanta da zazzaɓi mai zafi, har ta fara sambatu. Uwar ta zo ta durƙusa a ƙofar bukkarsa tana roƙon takarda ɗaya. Ina nan tsaye. Kaka ya ce, "Ya bitti, 'yata, wallahi in na ba ki na cuce ki. Ki rataya wa yarinya sunan auduga? Ɗauko ta." Hanya ta yanke, mota ba ta motsi a lakar nan. Ya tayar da tarakta, ya ɗora uwa da 'ya, ya yi ta kutsawa da su cikin ruwa har asibiti. Yarinyar ta tashi. Uwar ta kawo masa kisira kwano guda ta yi godiya, amma a hanya ta ce wa kakata da ya ba da layar tun farko da ba a sha wannan wahala ba. Wannan ita ce rowar da ta ambata ranar makoki.

Yanzu sai kunyar tawa. Na yi karatu, na tafi kwalejin horon malamai, na dawo malamar Turanci a makarantar 'yan mata. Duk unguwa ba wanda ya kai Kaka murna. Daga ranar ya daina ce mini amarya a gaban mutane, sai malama. Ni kuwa na dawo da kai a sama. Na fara gyara masa lafazi, ina ce masa Turancinsa na mutanen da suka mutu ne. Yakan yi dariya ya ce to ai gara a riƙa ziyartarsu.

Wata safiya ina cikin aji mai gadi ya aiko wai ina da baƙo. Na fito na tarar da Kaka a bakin ƙofar makaranta, da jallabiyarsa ta Juma'a, ya rungumo wani ƙunshi a ƙirji. Ya kwance mini gefe in gani: takardun nan ne, ya zaɓo waɗanda yake ganin 'yan mata za su so. Ya ce in ba shi ko rabin darasi ne. Abokan aikina biyu na tsaye a baranda suna kallo, ɗaya ta rufe baki da gefen mayafinta. Abin da na gani a idonsu shi ne tsoho Bahaushe ya kawo layu makarantar gwamnati. Zuciyata ta yi zafi, ba da su ba, da shi.

"Kaka, nan makaranta ce," na ce. "Jarrabawa ke gaban yaran nan, ba tatsuniya ba. Ka mayar da tarkacen nan gida."

Ya dube ni kamar yana neman wata a bayana. Sannan ya ɗaure ƙunshinsa a hankali, ƙulli biyu, ya ce, "Ma'alesh, ki yi haƙuri, malama. Na zo ba a kan lokaci ba." Ya juya. Na bi bayansa da ido har ya sha kwana, ban kira shi ba.

Bai yi fushi ba, kuma wannan ne ya fi ciwo. Ya ci gaba da tsokanata, ya ci gaba da ajiye mini rake. Sai dai bai sake buɗe akwatin a gabana ba, bai sake kirana jin labarin matafiya ba. Shekara bakwai ina cewa gobe zan je in zauna in ce ya karanta mini ɗaya. To da wane baki zan tashi a gaban Gwaggo in ce takardun nan suna da daraja, ni da na kira su tarkace?

Rana ta biyu bayan azahar aka yi yayyafi, baƙi suka ragu. Na je na zauna a ƙofar bukkarsa, na jingina da dogaran ƙofa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa da na tsohon man inji suka lulluɓe ni. Ban san ko barci na yi ba. Na ga ayarin nan na yarintata ya iso bakin gidanmu a karon farko, ya tsaya. Raƙuman suka gurfana ɗaya bayan ɗaya, suna jira a sauke musu kaya, ba kowa a wurin sai ni. Da na buɗe ido kaji ne kawai ke tono a tsakar gida, fuskata sharkaf.

Ranar uku da safe aka yi sadaka, aka naɗe tabarmi. Gwaggo ta sa aka fito da akwatin tsakar gida, mata suka kewaye, wasu har sun yi alwala. Ta yi bisimilla ta ɗaga murfin. Na ji muryata ta fito kafin in shirya.

"Gwaggo, ki bari in karanta ɗaya tukuna."

"Ba a buɗe laya, ke yarinya. Lalacewa take yi."

"In laya ce na ɗauki alhakin. Shi ya koya mini hannunsa, kin sani."

Ta harare ni, ta harari akwatin, sannan ta ɗauki guda da kanta ta miƙo mini da 'yan yatsu biyu. Na warware zaren. Na karanta da ƙarfi: bisimilla, sannan tarakta, daga harshen Rumawan da, ma'anarta mai ja, 'yar'uwar jaki ce a aiki ba a suna ba.

Mata suka matso kusa. Wata ta ce in sake wata. Na buɗe ta biyu, taga ce, idon iska. Ta uku sukari ne da duk zangonsa. Can wata tsohuwa ta fashe da dariya, dariyar ta bi layi, har masu hawaye suna riƙe ciki. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta buga sanda ta ce, "Shekara arba'in ina share ɗakin nan ina tsoron tsintsiyata ta taɓa akwatin nan! Ashe jaki ne a ciki da sukari! Yaya, Allah ya yafe maka, ni dai sai na yi tunani."

Na ci gaba da buɗewa, don yanzu ba mai hana ni. A saman akwatin takardun sababbi ne, farare, rubutun ya fara karkacewa irin na hannun da ke rawa. A nan na lura da abin da babu shi a tsofaffin. Ƙarƙashin kowace, a kusurwa, ya ƙara ɗan layi ɗaya: a faɗa wa malama. Na buɗe wata, yana nan. Na buɗe wata, yana nan. Duk abin da ya rubuta a shekara bakwai ɗin nan da sunana ya rufe shi. Na tsaya da karatun, hawaye na ɗiga a kan takardar.

Gwaggo ta ga halin da nake ciki, ta sassauta. Ta laluba ta ɗauko wadda zarenta bai ko yi datti ba. "Karanta wannan, ya bitti, ki daina jiƙa mana takarda."

Na share ido na karanta. "Pilgrim. Mai tafiya ziyarar ibada, a bakin Turawa. Sun karɓe ta daga Faransawa, su kuma daga Rumawa. A can farko baƙo kawai take nufi, wanda ya ratso gonakin mutane daga wata ƙasa. Baba ya ratso gonaki ba adadi, ya tsaya a wannan. Ban ga laifinsa ba. Kalma ma inda aka ba ta masauki nan take zama, ta haifi 'ya'ya, ba wanda ke ce mata ta koma. A faɗa wa malama."

Gwaggo ta miƙo hannu. Ita kaɗai ta rage a duniya da ta san fuskar wannan Baban. Ta karɓi takardar, ta ninke ta yadda take, ninkin mahaifinsu, ta sa a cikin akwatin, ta rufe murfin da tafin hannunta.

"Ba a ɗinkewa, ba a binnewa," ta ce. "Mai kaya ya faɗi mai shi. Amma akwai bisimilla a ciki, kada in ga kin ajiye a ƙasa."

Maƙwabciyarmu ce kawai ta ƙi tashi. Ta ce ita fa sai an ba ta tata, wadda yake kiranta da ita. Na yi ta tono har na samo mai kwaɓa gurasa. Na kwafe ta a littafina, na ba ta ta ainihin. Ta ce ba za ta kai wa baduku ba, 'yarta da aka ɗauka a tarakta tana ajina yanzu, in koya mata ajamin ta riƙa karanta mata. Ta ƙulle ta a bakin mayafi, ta ce, "Na janye maganar rowa. Amma da ya yi bayani." Shekara arba'in yana bayani, Allah ya jiƙansa.

Da hutun makoki ya ƙare na ɗora akwatin a kaina, na bi hanyar da ya bi ranar nan, laka na cire mini takalmi ina mayarwa. A bakin ƙofar makaranta mai gadi ya tambaye ni me na ɗauko haka. Na ce darasi ne da aka kawo shekara bakwai da suka wuce, na mayar da shi daga nan inda muke tsaye. Bai gane ba, amma ya buɗe mini ƙofar duka biyu. Yanzu kowace Alhamis, kafin a tashi, yarinya ɗaya takan sa hannu ta zaro takarda, mu warware zare, mu ji daga ina baƙon yau ya taso.

Allah ya yi maka masauki mai faɗi, tsohon angona mai warin man inji, ya buɗe maka idon iska daga Aljanna, ya haɗa ka da Babanka a zangon da ba a tashi. An faɗa wa malama.